Tsoffin ƙasidun gyaran hali na Amurka: tambayoyin da aka fi yi min da amsoshinsu

Tun ranar da wani abokina ya shigo ɗakina ya tarar ina jujjuya wata 'yar takarda mai shafi 12 da ta yi jawur don tsufa, ya ce wai da hankalina na sa kuɗi na sayi wannan tarkacen, tambaya ba ta ƙare min ba. Wasu son sani ne kawai, wasu kuma sun ji an ce tsoffin takardun Turawa kuɗi ne shi ne suke neman ƙofar shiga. Ni dai ba dillali ba ne, ba ni da shago, 'yan ƙalilan ne a hannuna kuma duk masu araha, manyan kam a laburare na gan su ko na karanta hotonsu.

Wai mene ne ma waɗannan ƙasidun?

'Yan ƙananan littattafai ne marasa bango mai tauri. Faffaɗar takarda ake bugawa a ninke ta a ɗinke da zare, wani lokacin a sa mata wata siririyar takarda shuɗiya ko ruwan ƙasa a matsayin riga, wani lokacin ma ko rigar babu. Shi ya sa za ka ga yawan shafinsu kullum 8 ne ko 12 ko 16 ko 24 ko 32, don in ka ninke takarda sau uku shafi 16 za ta ba ka. Masu rubutawa limaman coci ne da likitoci da ƙungiyoyin mata da tsoffin bayi da suka kuɓuta, kowa da abin da ya dame shi, wannan giya, wancan bauta, wani halin da ake ciki a kurkuku. Sun fara tun wajen 1700, amma tashensu na gaske daga 1810 da 'yan kai ne har zuwa yaƙin basasar da ya ɓarke a 1861.

Ba don a adana aka yi su ba fa. Kyauta ake rabawa ko a sayar a kan 'yan kwabbai, ka karanta ka miƙa wa maƙwabci, ƙarshenta a hura murhu da ita. Duk wadda ta kawo yau to tsallake rijiya da baya ta yi.

Me ya sa suka yi ta fitowa kamar fari a wancan lokacin?

Abubuwa ne suka haɗu. Na farko wata farfaɗowar addini ta mamaye ƙasar, masu wa'azi irin su Charles Finney, wanda ya girgiza garin Rochester a 1830 zuwa 1831, suna cewa tuba ba a baki take ba, in ka tuba to ka tashi ka gyara garinku. Na biyu bugu ya yi araha, an samu dabarar zuba shafi guda ya zama faranti na ƙarfe da za a ajiye a yi ta bugawa da shi shekara da shekaru ba sai an sake jera haruffa ba, ga injin tururi ya shigo. Na uku gidan waya ya kai ƙauyuka. Sai ƙungiyoyi suka yi ta tsirowa, ta raba Baibul a 1816, ta makarantun Lahadi a 1824, sai uwa-uba American Tract Society da aka kafa a New York a 1825, wadda ita aikinta ke nan, buga ƙasidu miliyoyi, daga baya ma ta ɗauki 'yan talla masu bin gida-gida da jaka a kafaɗa.

Na ji an ce yawanci a kan giya suke, haka ne?

Kaso mai tsoka dai. Amurkawan lokacin sun sha giya ba ta wasa ba, masu tarihi sun ƙiyasta cewa wajen 1830 abin da baligi ɗaya yake sha a shekara ya kai kimanin galan 7 na tsantsar barasa, don manomi ya fi samun riba in ya mai da masararsa wiski fiye da ya yi dakonta zuwa kasuwa.

Wadda na fi so a wannan layin ita ce ta Dakta Benjamin Rush, likitan Filadelfiya da ke cikin waɗanda suka sa hannu a takardar 'yancin kan Amurka. A 1784 ya fitar da ita a kan illar giya mai ƙarfi, daga baya aka ƙara mata wani zane kamar ma'aunin zafin jiki. Can sama ruwa ne, a gefensa an rubuta lafiya da arziki da tsawon rai, kana gangarowa sai madara, sai ruwan inabi da giya mara ƙarfi in an sha kaɗan wajen cin abinci, daga nan sai ka faɗa ƙasa da sifiri, kowane mataki an jera masa mugun hali da cuta da sakamako, lalaci da caca da ƙarya da sata, rawar hannu da kumburi da hauka, bashi da tsumma da gidan yari, can ƙarshe igiyar rataya. Mutumin da bai iya dogon karatu ba kallo ɗaya zai yi ya gane inda yake tsaye. Ka lura Rush bai hana ruwan inabi ba. Lyman Beecher ne ya ƙara wa abin wuta da huɗubobi shida da ya yi a 1825 aka buga a 1827, an kafa ƙungiyar yaƙi da giya a Boston a 1826, sai a 1836 manyansu suka tsaya a kan cewa ko ɗigo ba a yarda ba, a 1851 kuma jihar Maine ta haramta sayarwa da doka.

To na bauta fa? Su ne ake cewa sun fi tsada.

Su ne kam, kuma dalilin tsadar yana cikin tarihinsu.

Fara da ta Samuel Sewall, alƙali a Boston, yana ma cikin alƙalan da suka yanke wa mutane hukuncin kisa a kan zargin maita a Salem a 1692, daga baya ya fito gaban jama'a ya nemi gafara. A 1700 ya buga The Selling of Joseph, shafi uku kacal, hujjarsa labarin Annabi Yusuf, cewa 'yan'uwansa ba su da ikon sayar da shi, su ma fataken ba su da ikon saye. Kwafi ɗaya tak aka sani ya rage na bugun asali, yana hannun ƙungiyar tarihi ta Massachusetts. Don haka duk wanda ya ce zai sayar maka da ita, ka yi masa sallama.

Sai David Walker. Baƙar fata ne haifaffen Wilmington a North Carolina, uwarsa 'ya ce ubansa bawa, ya koma Boston ya buɗe shagon gwanjo kusa da tashar jiragen ruwa. A watan Satumba na 1829 ya buga kiransa ga baƙaƙen fata na duniya baki ɗaya, bai yi lallashi ba bai yi kara ba, ya ce wa bayi su tashi, ya ce wa farare fushin Allah na tafe. Matuƙa jirgin ruwa ne suka yi ta shigar da ita kudu a ɓoye, ana ma cewa cikin shafin rigunan da yake sayar musu yake ɗinke ta. Kafin shekarar ta ƙare an kama kwafe a Savannah, jihar Jojiya ta yi maza ta kafa dokar da ta hana koya wa bayi karatu ta kuma tsare baƙaƙen matuƙa a bakin ruwa, magajin garin Savannah ya rubuta wa na Boston ya ce a hana shi, shi kuma ya amsa cewa mutumin bai karya dokarsu ba. Bugu uku ta yi, a 1830 Walker ya rasu, jita-jita ta ce guba ce, takardun gari sun ce tarin fuka. Yanzu ka yi tunani, ƙasidar da in an same ta a jikinka a kudu ranka ne a kai, wa zai ajiye ta a kan kanta?

A 1835 ƙungiyar yaƙi da bauta ta Amurka, wadda aka kafa a Filadelfiya a 1833, ta buga takardu sama da miliyan ɗaya, ta riƙa aika wa manyan mutanen kudu ta gidan waya ba tare da sun nema ba. Daren 29 ga Yuli wasu suka fasa gidan wayar Charleston suka kwashe buhunan, washegari da dare aka cinna musu wuta a bainar jama'a tare da mutum-mutumin jagororin yaƙi da bauta William Lloyd Garrison da Arthur Tappan. Babban shugaban gidajen waya Amos Kendall bai hukunta kowa ba, sai ma ya kau da kai aka ci gaba da riƙe irin waɗannan saƙonni. A watan Agusta na shekarar wani ɗalibi Amos Dresser da ke tallar Baibul ya sha bulala 20 a dandalin Nashville saboda an samu takardun yaƙi da bauta a kayansa, wasu ma da su ya ƙunshe littattafan don kada su goge. Da ya koma arewa me ya yi? Ya rubuta labarin ya zama wata ƙasidar. Haka Angelina Grimké, 'yar gidan masu bayi a Charleston, ta yi kira ga matan kudu a 1836, a garinsu aka ƙone nata.

Ban da giya da bauta akwai wani abu?

Da yawa. Akwai na hana fito-na-fito da bindiga don kare mutunci, Beecher ya yi huɗuba a kai a 1806 bayan Aaron Burr ya harbe Alexander Hamilton a 1804. Akwai na zaman lafiya, na hana kai wasiƙu ranar Lahadi, na caca, na taba, na abinci. Akwai doguwar gardama a kan kurkuku, tsarin Auburn da ake haɗa fursunoni su yi aiki tare amma ba magana, da tsarin Pennsylvania da ake kulle kowa shi kaɗai kamar a gidan yarin Eastern State da aka buɗe a 1829, kowane ɓangare yana ta zuba rahoto yana cewa na ɗayan ne ke haukatar da mutane.

Biyu sun fi tsaya min a rai. Dorothea Dix malamar makaranta ce, a 1841 ta je koyar da karatun Lahadi a wani kurkuku a East Cambridge ta tarar da masu taɓin hankali a ɗakin da ba a hura musu wuta ga sanyin ƙasar, daga nan ta bi jihar gari-gari tana rubuta abin da ta gani, keji, sarƙa, duka, tsiraici, a 1843 ta miƙa wa majalisar Massachusetts, kuma an faɗaɗa asibitin masu taɓin hankali na Worcester a dalilinta. Ɗayar kuma rahoton ƙungiyar Magdalen ta New York ne na 1831, wanda ya ce akwai karuwai 10,000 a birnin. Kai, gari ya ɗauki zafi, manyan mutane suka ce an ci mutuncin birninsu, ba a daɗe ba ƙungiyar ta watse. Mata ne suka ɗauki aikin a 1834, su kuma har sunayen mazan da ke zuwa gidajen suke bugawa a jaridarsu. Rahoton taron 'yancin mata na Seneca Falls na 1848 shi ma 'yar ƙasida ce, a maɗaba'ar jaridar Frederick Douglass, tsohon bawan da ya zama jagoran yaƙi da bauta, a Rochester aka buga ta.

Ke nan duk mutanen kirki ne masu rubutun?

A'a wallahi, kuma wannan na cikin abin da ya sa nake son karanta asalin takardun ba taƙaitawar wani ba. American Tract Society da ke ta yi wa talaka wa'azi a kan giya da zagi da wasan Lahadi, da aka zo maganar bauta sai ta yi gum don kada ta rasa masu ba ta kuɗi a kudu, har tsame layukan da suka soki bauta ta yi daga wasu littattafan da ta sake bugawa, rigimar da ta raba ta da reshenta na Boston a ƙarshen shekarun 1850. Ƙungiyar da ta kafa Laberiya don kai baƙaƙen Amurka Afirka tana kiran kanta mai taimako, amma da yawan baƙaƙen Amurka sun ce dabarar korarsu ce daga ƙasar da guminsu ya gina, Garrison ma ya yi mata kaca-kaca a 1832. Beecher ɗin nan na yaƙi da giya ya yi ta zuga mutane a kan 'yan Katolika, a 1834 kuma wasu gungun mutane suka ƙone gidan 'yan zuhudu mata a Charlestown kusa da Boston. Kuma in ka karanta da yawa a jere za ka ji wani ɗagin kai na mai kuɗi da ke ganin talauci laifin talaka ne. Akwai jarumai a ciki, akwai kuma 'yan sa-ido.

Malam, mu ina ruwanmu, akwai abin da ya haɗa mu da su?

Akwai guda da nake so kowane Bahaushe ya sani. A 1854 an buga wata ƙasida a Detroit ta tarihin Mahommah Gardo Baquaqua. Haifaffen Djougou ne a arewacin Benin ta yau, zango a kan hanyar fataken goro ta Gwanja, gidan Musulmi, ya yi makarantar allo, kuma da bakinsa ya ce mahaifiyarsa mutuniyar Katsina ce, Kashna aka rubuta a ciki. An kama shi aka kai shi Birazil, wani mai jirgi ya saye shi, a 1847 jirgin ya kai gahawa New York ya samu ya tsere, ya zauna Haiti inda ya karɓi Kiristanci, ya dawo ya yi karatu a wata kwaleji a jihar New York, ya tsallaka Kanada. Wani Samuel Moore ne ya tsara masa rubutun, masu yaƙi da bauta suka yi amfani da shi, shi kuma burinsa ya tara kuɗin komawa gida. Bayanin da ya yi na cikin jirgin bayi, ƙishirwa da wari da cunkoso, ba a karanta shi da dare.

Akwai kuma ta 1828 da Thomas Gallaudet ya rubuta don tara wa Abdurrahman ɗan sarkin Futa Jalon kuɗin fansar iyalinsa bayan shekara 40 yana bauta a Mississippi. Nicholas Said ɗan Kukawa ta Borno shi nasa littafi ne cikakke kuma sai 1873 ya fito, ya ɗan fita daga zamanin da muke magana.

Me ya sa wata ake sayar da ita kuɗin abincin rana, wata kuma dubban daloli, alhali shekarunsu ɗaya?

Don tsufa kaɗai ba ya sa tsada. Ƙasidar wa'azi ta 1830 da aka buga dubu ɗari-ɗari, kowace coci da kowane akwatin kaka akwai ta, ba wanda ya tsane ta balle ya ƙone ta, to wannan ko ta shekara 200 araha ce, irinsu ne ma a hannuna. Abin da ke ɗaga farashi shi ne ƙarancin kwafi, da sunan marubuci, da kasancewa bugun farko, da ko ta taka rawa a wani abu da ya faru, da lafiyar jikinta, sai kuma hannun da ta bi. In akwai sa hannun wani sananne ko rubutunsa a gefen shafi labari ya canza. Rubutun baƙaƙen fata da na mata yanzu su ake rububi, manyan laburare suna cike giɓin da suka bari a baya, kamfanin gwanjon Swann a New York ma ware musu rana yake yi. Misali amsar da shugabannin baƙaƙen fata Absalom Jones da Richard Allen suka buga a 1794 ga Mathew Carey da ya zargi baƙaƙen Filadelfiya da cin riba lokacin annobar shawara ta 1793, alhali su suka tsaya jinya da binne gawa, wannan ba kayan irina ba ce.

Ya zan gane ta asali da wadda aka sake bugawa?

Bari in ba ka labarin wautata. Na ga hoton rahoton Dix an sa a kasuwa, 1843 ɓaro-ɓaro a sama, farashi kamar an tsinta, na ce yau Allah ya kashe ya ba ni, ko tambaya ban yi ba na biya. Da ta iso na buɗe ambulan, tun kafin in karanta komai gefen shafin ya ɓalle min a yatsa kamar busasshen ganye. Na duba da kyau sai ga sunan Old South Leaflets, wani jeri ne da aka yi ta sake buga tsoffin takardu a Boston don ɗalibai shekaru da dama bayan haka. Mai sayarwar bai yi ƙarya ba, ya rubuta a can ƙasan bayani, ni ne zumuɗi ya hana ni karantawa.

Abin da na koya ke nan, fara da takardar. Kafin wajen 1860 da tsumman auduga da lilin ake yin takarda, tana da laushi da ƙwari, ka lanƙwasa ba ta karyewa, ta bayan nan da aka koma yi da itace ita ce ke yin ja tana rugurgujewa. In ta kafin 1800 ce ɗaga ta saitin taga, za ka ga siraran layuka a jere cikin jikinta da wasu masu ɗan kauri da suka gitta su, sawun abin da aka tace ta da shi ne, wani lokacin har da tambarin mai yin takardar. Shafa bayan shafin a hankali, haruffan ƙarfe suna barin ɗan tudu, hoto ko fotokwafi sumul yake. A bugun kafin 1800 za ka ga wani dogon harafin s mai kama da f, ba kuskure ba ne. Na American Tract Society galibi ba shekara a jiki, da adireshi ake kintata, 144 Nassau Street ya riga 150 Nassau Street, wajen 1832 lambar ta canza. Sannan ƙirga shafi ka gwada da abin da kundayen masana suka ce, Evans na abin da aka buga zuwa 1800, Shaw da Shoemaker na 1801 zuwa 1819, da Sabin. Dillalin kirki da kansa zai rubuta maka lambar da take da ita a waɗannan kundayen.

Wasu kalmomi nake gani a bayanin dillalai ban gane su ba.

In an ce disbound, an ciro ta ne daga wani kundi, don a da laburare kan haɗa ƙasidu 20 ko 30 su ɗaure wuri ɗaya, daga baya wani ya farke ya sayar ɗai-ɗai, za ka ga ragowar gam da hujin allura a gindinta kuma galibi rigar ta tafi. Foxing ɗigo-ɗigon nan ne ruwan ƙasa kamar tsatsa, ba ya hana karatu. Original wrappers na nufin tana da rigarta ta asali, wannan ƙarin kuɗi ne sosai. Unopened kuma ninkin saman shafukan ba a yanka ba, wato shekara kusan 200 ba wanda ya taɓa karanta ta, abin da ke ba ni dariya shi ne wadda ta kasa yin aikin da aka buga ta dominsa ita ce masu tarawa suka fi so.

Zan iya sa jari a ciki in samu riba?

Ban ba ka shawara ba. Masu araha ba sa tashi, masu tashi kuma kana takara ne da jami'o'i da attajirai. A gwanjo bayan farashin da aka buga guduma akwai ladan kamfani wajen kashi ɗaya cikin huɗu ko fi, ga kuɗin aikowa ga canjin dala, ranar da za ka sayar kuma dillali ba zai ba ka abin da yake sayarwa ba. Mutane suna jin an sayar da littafin zabura na 1640, wanda shi ne littafi na farko da aka buga a yankunan Ingila na Amurka, sama da dala miliyan 14 a 2013, sai su ɗauka duk tsohuwar takarda haka take.

Na ga wata da hatimin laburare a jiki, in saya?

Tambayi mai sayarwa ko akwai shaidar cewa laburaren da kansa ya fitar da ita, yawanci akwai hatimi na biyu da ke nuna haka. In ya fara kame-kame, ko ka ga alamar an kankare wani abu a shafin farko, bar masa kayarsa. Ana satar irin waɗannan don ba su da nauyi, cikin aljihun kwat ma sai su shige.

In na samu guda ya zan adana ta a irin yanayinmu?

Kar ka yi mata laminatin, don Allah kar ka yi. Mun saba yi wa satifiket, amma zafi da gam ɗin sun shiga takardar ke nan har abada, darajarta ta tafi. Kar ka liƙa salatif a inda ta yage, bayan 'yan shekaru zai bar tabo ruwan ƙasa da ba ya fita, kar ka sa mata ƙusar sitefula ko kilif ko roba. Sa ta a kwance cikin fayil na takarda mara asid, sannan cikin kwali ko akwatin ƙarfe, a ɗora sama nesa da ƙasa da bango saboda gara, nesa da taga saboda rana. Damina ita ce babbar abokiyar gaba, laima ke kawo fumfuna, kada ka ɗaure ta cikin leda ta yi gumi, ka riƙa buɗewa kana dubawa, 'yan ƙullin nan masu tsotse laima da ke zuwa cikin kwalin takalmi suna taimakawa in kana canza su. Da hunturu kuma takarda na bushewa, sai a bi ta a hankali wajen buɗewa. Safar hannu ba dole ba ce, tana ma sa yatsa ya kasa jin gefen shafi, wanke hannu ka busar ya isa. Duk wanda ya taɓa kula da tsoffin rubuce-rubucen ajami na gidansu ya riga ya san rabin aikin.

Ni karatu kawai nake so, dole sai na saya?

Ko kwabo ba sai ka kashe ba in ban da data. Jami'ar Cornell na da tarin Samuel J. May, ƙasidun yaƙi da bauta sama da 10,000 da aka fara tarawa tun 1870, an ɗauki hotonsu an sa a intanet. Laburaren majalisar dokokin Amurka na da nasa, shafukan Internet Archive da HathiTrust cike suke da su, jami'ar North Carolina kuma ta sa na Walker da na Baquaqua da na Nicholas Said a rubuce yadda za ka iya kwafa. In Allah ya kai ka can, American Antiquarian Society da ke Worcester, wadda wani mabugi Isaiah Thomas ya kafa a 1812, ita ce uwar ɗaki, tsoffin abubuwan da aka buga a ƙasar take tarawa, sai Library Company ta Filadelfiya da Benjamin Franklin ya kafa a 1731.

Turancin ne zai ɗan wahalar da kai da farko, jimla ɗaya sai ta ci rabin shafi, ga ayoyin Baibul ko'ina ba tare da an ce daga ina aka ɗauko ba. Fara da ta Rush don gajera ce, sai ta Dix, sannan ka shiga ta Walker. Haƙƙin mallakarsu duk ya ƙare tuntuni, wanda ya ga zai iya fassara ta Baquaqua zuwa Hausa ba ya buƙatar izinin kowa, shafukanta ba su kai 70 ba.